Bayan Hannun Kawu Ta-Yi

Jama'a a gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, mai waya ya kife ta, don babban baƙo zan shigo da shi. Ga dodon tafasa, ga angon lagireto! Ga mai kashe wutar ƙarfe da bayan hannu! Likitan da bai taɓa sa farar riga ba, wanda marasa lafiyarsa ke zuwa da ƙafa huɗu suna huci, su koma suna waƙa. In ya ce mota ta warke, ko hawaye take yi sai ta share ta kama hanya. Kawuna ne, yayan mahaifiyata ciki ɗaya. In ka shiga garejin da ke bayan gidan mai ka ce kana neman Kawu, za a ce maka wanne. Ka ce Ta-Yi. Ko karen garejin zai raka ka har rumfarsa.

To, kada ku sa ran ganin wani ƙato. Duk kirarin nan a kan wani siririn dattijo ya sauka, mai furfura a gemu da tabon ƙunar dalma a yatsu, wanda yake zuwa aiki a kan keke, ya ɗaure ƙafar wandonsa ta dama da roba don kada sarƙa ta ci.

Ni kuwa direban janwe ne, motar nan mai ƙugiya da sarƙa da ke kwaso wadda ta mutu a hanya. Makaranta na leƙa ta, ta leƙo ni, muka rabu lafiya. Amma aikina ya ba ni wani karatu: duk bakaniken da ya yi gyaran ƙarya a garin nan, ni nake zuwa bakin titi in kwaso masa abin kunyarsa. Shi ya sa in na ce muku shekara da shekaru ban taɓa jawo motar da ta fito daga hannun Kawu ba, ku yarda. Da na jawo da na faɗa, bakina ba ya riƙe ruwa.

Kawu bai fara da mota ba. Da bokiti ya fara, da buta, da fitila. Yana yaro yake yawo layi-layi da 'yar tukunyar gawayi da sandar dalma, mata suna fito masa da duk abin da ke yoyo. Wata rana wani mai gareji ya tsaya ya ga yadda ya like gindin wata buta, like ɗin sumul kamar an shafa da harshe, sai ya ce masa, "Yaro, mai iya tsare ruwa a buta zai iya tsare shi a mota." Ya ja shi gareji ya ajiye shi gaban wani lagireto na tagulla, wato tankin ruwan da ke sanyaya injin mota. Daga ranar bai sake taɓa buta ba sai ta shayinsa.

Maganinsa na zafin mota kowa a garejin ya haddace. Da farko zai kwance lagireto ya wanke shi tas, ya like inda ke zuba. Sannan ya ciro tamosta, wato ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai buɗe wa ruwa hanya da rufewa, ya wurga shi cikin wata tsohuwar garwa. "Wannan ɗan ƙasar sanyi ne," in ji shi, "a nan ba shi da aikin yi sai tare hanya." Sai ya haɗa fanka kai tsaye da makulli, tana kunnuwa da injin, ba ta hutawa sai an kashe. Ya cika ruwan famfo. Shi ke nan.

Sai gwaji, kuma a gwajin ne sarautar take. Zai ta da mota a nan tsaye ƙarƙashin rumfar kwano, ya bar ta tana ci. Ya zuba shayi ya zauna a benci, ya sha a hankali kamar wanda aka ce kada ya ƙarar. In kofi ya ƙare sai ya miƙe, ya goge hannu a riga, ya ɗora bayan hannunsa a kan tiyon sama, wanda ke ɗauko ruwa daga injin. In hannun ya zauna lafiya har ya iya amsa gaisuwar mai wucewa bai motsa ba, sai ya ce, "Ta yi." Kafin wannan kalmar ba a ba mai mota makulli, ko shi wane ne, ko jirgi zai bi. Masu tasi sun sani, masu bas sun sani. Kuma tsakani da Allah tana yi ɗin. Tsofaffin motocin da ke wuni suna rarrafe a cunkoso ba abin da suke so irin wannan magani.

Yanzu zan faɗa muku abin da kowa ya sani amma ba mai faɗa. Kawu bai iya tuƙi ba. Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ta ba ni asalin labarin tana dariya har da riƙe ciki. Wai yana saurayi ogansa ya ce ya matsar da motar wani daga rana zuwa inuwa. Ya shiga da ƙarfin hali, ya sa giya, ashe ribas ya sa. Motar ta ja da baya ta kwashe teburin mai shayi, kofuna suka watse, buta ta gangara har bakin ƙofa tana amai. Ba wanda ya ji ciwo sai Kawu, shi ma a zuciya. Garejin ya yi shekaru yana kiransa Ribas. Tun daga nan bai sake zama bayan sitiyari ba, kuma ko bas ya shiga, da direba ya ɗan taka wuta zai buga kwanon motar ya ce a sauke shi, ya ƙarasa a ƙafa. In aka yi masa maganar sai ya ce, "Likita ba ya hawa gadon mara lafiya."

'Ya'yansa maza ba wanda ya tsaya. Babban ya tafi gyaran waya, mai bi masa ya ce warin man giya na sa shi ciwon kai. Wadda ta tsaya ita ce Auta, 'yar ƙaramarsu, abokiyar wasana, wadda tun tana da giɓi take biyo shi da kwanon abinci ta ƙi komawa gida. Ta koyi dalma kafin ta koyi kitso. Da ta girma ta je makarantar koyon sana'a, ta yi aure, mijinta ya koya mata tuƙi har ta fi shi, kullum da safe kuma ya sauke ta a ƙofar gareji da jakar sifanoninta. Mutanen garejin suna ce mata Injiniya. Kawu dai Auta yake ce mata.

Ban taɓa ganin uba da 'ya masu hira irin tasu ba. Ba sa hirar dangi, ba sa hirar gari. Mota kawai. A gida in an zauna cin abinci za su ɗauko wata tasi da ta zo da safe, su kwance ta da baki su mayar, abinci na hucewa, har sai Inna ta ce, "Ku fitar min da garejin nan daga ɗakina, ko in zuba muku ruwan a lagireto." Shayin gwaji ma kofi biyu yake zubawa, ɗaya nasa ɗaya nata.

Ana nan sai motocin gari suka fara canzawa. Samari masu hannu da shuni suka fara shigo da ƙananan motoci masu turbo, wani ƙarfe mai siffar katantanwa wanda hayaƙin salansa ke juyawa, shi kuma ya danna iska cikin injin da ƙarfi. Mota 'yar ƙarama, ƙarfin doki garke guda, zafi kuwa kamar an rufe maƙera a cikin akwati. Auta ta haukace a kansu. Wani babban gareji da ke can bayan gada ya ji labarinta ya aiko yana nemanta, ta yi ta ja musu rai. Ta faɗa min a gaban Inna, ba a ɓoye ba: "Ni ba inda za ni. Baba ya bar min masu turbo in yi su yadda suke so, shi ya riƙe tasi da bas. In ya yarda, a rumfar nan zan tsufa." Kawu ya ji maganar, Inna ta kai masa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce a bari mota ta zo tukuna.

Mota kuwa ta zo. Ja ce, gajeriya, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Mai ita likitan haƙori ne, saurayi mai ladabi, muna ce masa Dokta. Ranakun hutu yakan je tsohon filin jirgi su yi tsere da abokansa. Ya ce a cikin gari lafiya lau take, amma da ya taka ta a dogon hawan da ke bayan kamfanin siminti sai allurar zafi ta tashi tsaye.

Ranar Auta ta kai ɗanta asibiti, ba ta nan. Kawu ya yi wa jar mota abin da ya yi wa kakanninta. Ya wanke, ya cire tamosta, ya haɗa fanka, ya cika ruwan famfo, ya sha shayi, ya ɗora hannu. Tiyo ɗumi-ɗumi kamar goshin jariri mai lafiya.

"Ta yi."

Kafin la'asar wayata ta yi ƙara. Dokta ne. Na same shi a tsakiyar hawan, bonet a buɗe, tururi na tashi kamar ana dafa wa unguwa abinci. Na ɗaura sarƙa na jawo ta. Ban taɓa shiga garejin nan a hankali irin na ranar ba. Na so in bi ta ƙofar baya, sai na tuna ba shi da ƙofar baya.

Kawu ya dubi motar, ya dube ni, kamar ni na tafasa ta.

"Kai wa ya ce ka jawo ta nan?"

"Kawu, ita ta ce tana kewar ka."

"Rufe min baki."

Ya ce lagireton ne ya yi mata kaɗan. Ya nemo babba mai layi biyu, ya sare ƙarfe ya gyara masa wurin zama, aiki mai kyau, na rantse ko a kamfani sai haka. Auta ta dawo ta tarar ana yi. Ta ce, "Baba, ba nan ciwon yake ba." Ya ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi." Ta miƙa masa sifana. Aka sha shayi, aka ɗora hannu, aka ce ta yi. Washegari na sake jawo ta daga wuri guda, kusa da falwayar da na tsaya jiya. Mai sayar da lemo a wurin har ya fara ce min sannu da zuwa.

Wannan karon garejin ya yi tsit. Mai walda ya kashe wutarsa, mai fenti ya sauke abin rufe hancinsa. Dokta ya ce a hankali, "Baba, ko in kai ta wani wuri?" Auta ce ta ce, "Dokta, ka ba mu zuwa yamma."

Ta jira sai da Kawu ya hau kekensa ya tafi gida cin abincin rana, kamar kullum. Kafin ya tafi ta ce, "Baba, zan taɓa ta." Ya ce, "Hannunki ne," ya taka feda. Ba izini ba ne, ba kuma hani ba.

Na zauna a bakin janwe ina kallo. Ta cire gaban motar gaba ɗaya. A gaban lagireto akwai wani ƙarami, na sanyaya iskar turbo, tsakaninsu da kyar yatsa zai shiga. Ta zura haske ta ce, "Zo ka ga danginka." Na leƙa. Leda ce, da ganye, da gawar ƙwari, da ƙura, sun dunƙule kamar katifa. Kawu yana ciro lagireto ta sama ya wanke shi fes ya mayar, katifar tana manne a bayan ƙaramin, bai taɓa ganinta ba, don motocinsa ba su da ƙarami a gaba.

"Wannan ne ciwon farko," in ji ta. "Na biyu Baba ne ya ƙara mata."

Ta tona garwar ta zaƙulo tamostan motar, ta jefa shi a ruwan zafi ta ga yana buɗewa. Ta ce, "A irin wannan injin ƙofa biyu yake tsare. In ya buɗe wa ruwa hanyar lagireto, sai ya rufe wata gajeriya da ke komawa injin kai tsaye. Ka cire shi, gajeriyar na buɗe, me zai kai ruwa lagireto? Ruwa ma malalaci ne, irinka."

"Ni da nake jan mota guda a bayana?"

"Injin ke ja, kai surutu kake ja. Miƙo min wancan tsumman."

Ta mayar da tamosta, ta mayar da fanka kan wayarta ta asali, ta zubar da ruwan famfon ta zuba koren ruwan nan na kanti, ta canza murfi, ta yi ta matsa tiyo tana fitar da iska har kumfa ta daina fitowa. Sannan ta shiga ta ce in biyo ta da janwe ko da tsiya. Na bi ta. Wato na bi ƙurarta. Ta hau hawan nan ta sauko, ta sake hawa, ta sake. Da na iso falwayata tana tsaye tana jirana, injin na ci, ta nuna min allura ta taga. Tana tsakiya cak, kamar an zana ta. Mai lemo ya ce, "Yau ba kaya?" Na ce yau hutu.

Da muka dawo Kawu na zaune a benci, Dokta na gefensa. Auta ta shigar da motar ƙarƙashin rumfa, ta bar ta a kunne, ta buɗe bonet. Fuskarta ranar, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar yarinyar da ta ci jarrabawa tana jiran a duba takardar. Ta faɗa masa duk abin da ta yi, ba ta rage ba. Da kanta ta zuba shayi kofi biyu. Ya karɓi nasa ya sha a hankali. Ya miƙe, ya goge hannu a riga, ya ɗora a kan tiyo.

Ya fizge.

Kada ku ce taurin kai ne ya fizge hannun. Ina kusa, na ga fatar ta yi ja. Tiyon da zafi, zafi na gaske. Mutumin da ya yi shekaru tun yana saurayi yana sanin cewa tiyon da hannu ba ya zama a kai motar banza ce, me kuke so ya ce?

"Ba ta yi ba."

"Baba, haka ake son ta. Injin nan a zafin nan yake aiki. In ya fi haka sanyi ma ciwo ne."

"Ke, wuta ce fa a ciki."

"Wuta ce mai linzami. Ta tsaya a nan, ba ta ƙarawa. Na hau da ita har na gaji."

"Ni ban gani ba."

"To zo ka gani."

Ta zagaya ta buɗe ƙofar kujerar da ke kusa da ta direba. Ta rage murya, amma garejin ya yi shirun da ko allura ta faɗi za a ji. "Baba, motar nan a tsaye ba ta faɗin gaskiya. A tsaye turbo barci yake. Sai a guje take nuna halinta. Shiga mu je, sau ɗaya. Ba zan yi gudu da kai ba sai a hawan, can ma kaɗan. Ka sa ido a kan allura kawai. In ta motsa, da hannuna zan cire tamostan, kuma ba zan sake yi maka maganar turbo ba har abada. Gani ya kori ji, Baba."

Kawu ya dubi kujerar. Kujera ce mai zurfi, irin wadda ke rungumar mutum, da maɗauri ja. Ya matso. Ya dafa saman ƙofar. Wallahi ya ɗaga ƙafarsa ta dama, mai robar nan a wando, ya sa ta ciki. Ni har na fara murmushi.

Sai ya ɗaga kai. Mai walda na tsaye da gilashinsa a goshi. Mai fenti na tsaye. Masu tasi da ke jiran aiki duk sun miƙe daga benci. Wani yaron mai taya ya ɗaga waya yana ɗauka. Ba wanda ya yi dariya. Amma mai walda tsoho ne, tare suka taso, yana cikin waɗanda suka ga butar nan tana gangarawa. Idonsu ya haɗu.

Kawu ya zare ƙafarsa. Ya rufe ƙofar a hankali, kamar mai gudun tada wani daga barci.

"Motar da ba ta faɗi ciwonta a gabana ba, ba zan bi ta daji ta faɗa min ba. Ki kashe ta ta huce. Gobe in cire abin nan."

"In ka cire, injin zai ƙone. Sau biyu ya tsira, na uku ba zai tsira ba."

"Na ce ki kashe ta."

Ta kashe ta, bayan ta bar ta ta ɗan numfasa. Ta tsaya da makulli a hannu. Dokta na kallon ƙasa. Ta dubi ubanta, tana jiran kalma biyu, shi kuma yana wanke kofinsa. Sannan ta rufe bonet, ta juya ta miƙa wa Dokta makullin.

"Ka tafi da ita. In ka yi gudu kada ka kashe ta nan take, ka bar ta ta ɗan ci a tsaye. In ta yi zafi, ni za ka nema."

Dokta ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna wa Kawu, Kawu bai ɗago ba. Jar mota ta fita. Ita ce ta farko da ta taɓa fita daga rumfar nan ba a ce ta yi ba.

Ba ta dawo ba. Ni ne shaida, don da ta tsaya ni za a kira. Dokta yakan wuce ni a titi ya danna hon.

Kuna jiran in ce an yi faɗa. Da an yi da ya fi sauƙi. Kawu bai zage ta ba, bai kai ƙararta wajen mijinta ba. Da safe ta gaishe shi ya amsa. Sai dai in yana son sifana ya miƙe ya ɗauko da kansa, ko tana kusa da ita. Da lokacin gwaji ya yi, kofi ɗaya ya zuba. Ta yi kwanaki a haka tana share rumfa, tana like lagireton tasi. Inna ta yi magana har ta gaji. Ni ma na gwada, na ce, "Kawu, motar nan fa tana can tana cin tsere." Ya ce, "Tana ci tana ƙonewa." Ya yarda da hakan har cikin ransa, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan. Hannunsa bai taɓa yi masa ƙarya ba, ranar ma bai yi ba. Sabo dai turken wawa ne, ko da mai sabon ba wawa ba ne.

Wata safiya mijinta ya wuce da ita bai tsaya a ƙofar garejin ba. Bayan gada suka nufa.

Tana zuwa gida har yanzu, duk ƙarshen mako, da ɗanta. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tambayi maigidanta, ya tambayi yaro, ya tambayi gajiya. Ta ce lafiya lau. Ashe in ka cire mota daga bakinsu ba abin da ya rage sai gaisuwa. Inna da ke korar gareji daga ɗakinta, yanzu ita ke cewa, "Auta, wace irin mota kuka yi a satin nan?" Auta ta ce, "Irin na kullum ne, Inna." Kawu ya ce a ƙara masa ruwa. Inna ta ƙara muryar talabijin.

Aiki ma ya ja baya. Tsofaffin tasi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sababbin lagireto kuma roba ce da goran ruwa, wato alminiyam, dalma ba ta kama su, sai dai a yar a sayi wani. Yakan wuni a benci yana gyaran tsohon famfo, ko yana kallon titi. Wata rana da tsakar rana na shigo garejin ba kowa, na hango shi a can ƙarshe cikin mushen wata mota da ba ta da taya ko ɗaya, zaune a kujerar gefen direba, ƙofa a rufe, yana kallon gilashin da babu. Na so in ce, "Kawu, a rage gudu," amma ko ni na san inda wasa ke tsayawa. Na juya na koma waje na yi ta danna hon kamar yanzu na iso.

Kwanan baya na kwaso wata shuɗiya mai turbo a kan hanyar kasuwa, ta wata mata mai kantin magani. Ta ce mahaifinta tsohon ɗan tasi ne, ya ce kada ta kai ta ko'ina sai wajen Ta-Yi. Na kawo ta. Kawu na wanke wani lagireto da tiyon ruwa. Ya ajiye, ya zo ya buɗe bonet tana ɗaure a bayan janwe. Ya daɗe yana kallo, hannunsa a baya. Ya sunkuya ya leƙa ta gaba, ƙasa-ƙasa, inda ƙaramin yake. Bai taɓa komai ba. Ya rufe.

"Hajiya, ki gaida mahaifinki. Wannan ba tawa ba ce. A kai ta bayan gada, babban garejin nan. Ki ce Injiniya kike nema. Kada ki yarda wani ya taɓa miki sai ita."

Matar ta tafi neman tasi. Ni kuwa zuciyata ta cika, bakina ya ɓalle.

Na ce, "Kawu! Yau rana ce. Wallahi yau da ina da ganga da na buga. Ka san abin da ka yi kuwa? Wannan ba mota ka aika ba, saƙo ne mai taya huɗu. Kuma ga ni, ɗan aike mai lasisi. Faɗa min kalma ɗaya in kai mata, in ƙara mata gishiri a hanya. Kai, me ma zai sa a yi aike? Ga kujerar gefena ba kowa. Janwe ba ta san gudu ba, kekenka ma yana wuce ta a gangara. Ba mai kallo, mai walda ya tafi gida. Hau mu je, ka tsaya a bayanta tana aiki, ka ce mata sannu. Sannu kawai, Kawu. Ni zan dawo da kai har ƙofar Inna, in ba haka ba a canza min suna."

Ya saurare ni har na ƙare, abin da bai taɓa yi ba. Ya dubi kujerar, ya dubi hanyar gada. Sannan ya sunkuya ya ɗauki bakin tiyonsa, ya girgiza, ruwa bai zo ba.

"Sarƙarka ta baya ta yi sako-sako, ka ja ta kafin ka yar da motar mutane," in ji shi. "Kuma ɗaga ƙafarka, ka taka min tiyo."